Shekara Biyu a Kan Kunnen Jemage

Awa huɗu na yi a zaune a wani ɗan ɗaki a filin jirgin saman Warsaw, babban birnin ƙasar Poland. Jakata tana buɗe a kan tebur, ma'aikatan kwastan biyu suna ta jujjuya 'yan kwalabena. Kowace kwalba ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. A cikinta akwai ruwan sifirit da ɗan guntun fatar fiffiken jemage, wanda bai fi ƙwayar dawa ba. Na miƙa musu takardun izini, suka karanta, suka sake karantawa. Babban cikinsu ya tambaye ni ko abin ci ne. Na ce a'a, na bincike ne. Suka kalli juna suka yi dariya, sannan suka buga hatimi suka ce in tafi.

Sunana Saratu. A unguwar Television ta Kaduna nake zaune da mijina Bitrus, mai gyaran janareta, da 'yarmu guda ɗaya, Godiya. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Sabon Tasha. Kwalaben nan kuwa shekara uku na yi ina tara su. Wasu na manyan jemagu ne masu shan mangwaro a Mahuta, wasu na ƙananan nan ne masu cin ƙwari, da suka cika rufin wata tsohuwar masaƙa da aka rufe a Kakuri. Bitrus ke riƙe mini tsani, ni in hau da safar hannu, in ɗan yanki fata in saki jemagen ya tafi. Maƙwabta sun daɗe suna yi mana kallon masu asiri. Na rubuta wa jami'o'i da yawa wasiƙa, farfesa ɗaya ne ya amsa. Ya ce in zo da kwalabena in yi digirin dakta a wurinsa.

Daga filin jirgi na nufi tashar jirgin ƙasa, domin garin da zan je yana kudu. Ina tsaye gaban allo na kasa karanta komai, sai na ji an ce a bayana, "Anti, sannu da hanya. Daga gida ne?"

Na juya da sauri. Wani mutum ne baƙi, mai tsafta, da hular sanyi. Ya ce sunansa Danladi, mutumin Jos ne, ya shekara bakwai a nan. Da na ce masa daga Television nake, ya tafa hannu.

"Kai, Anti! Ai ƙanwar mamana tana Unguwar Boro. Kawo jakar nan in riƙe miki, ki je tagar can ki karɓi tikiti. Ki yi sauri, jirginku ya kusa tashi."

Hausar da na ji a bakinsa ce ta kwance mini hankali. Na bar masa babbar jakar, na shiga layi da ƙaramar a kafaɗa. Ko da na waiwayo, babu Danladi, babu jaka. A ciki akwai rigar sanyin da na saya a gwanjo, da takalma, da accar da mahaifiyata ta aiko daga ƙauye, da daddawa, da kuka, da garin citta. Na zagaya tashar nan sau uku. Wani ɗan sanda ya rubuta abin da na faɗa a takarda ba tare da ya ɗaga kai ya dube ni ba. Haka na shiga jirgi da rigar atamfa da 'yar suwaita, ina rungume da kwalaben jemage.

Washegari na je ɗakin bincike ina rawar ɗari. Wadda na fara haɗuwa da ita wata dattijuwa ce, Madam Halina, mai kula da injuna da firiza. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta fita. Bayan awa ɗaya ta dawo da wata doguwar riga mai nauyi, ruwan toka.

"Ta mijina ce," ta ce da ɗan Turancinta. "Ya rasu. Ba ya jin sanyi yanzu."

Rigar ta kai mini har idon sahu. Ita na sa har na bar ƙasar.

Farfesa dogo ne mai fara'a, mai saurin magana. Ranar farko ya zaunar da ni ya zana mini kunne a allo, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin malami irinsa ba. Ya ce in lura, ƙadangare da kwaɗo da yawancin tsuntsaye ba sa jin siririyar ƙara, mai tsinin nan sosai. Mu dabbobi masu shayarwa mu ne muka yi fice a nan. Kakanninmu na can da nisa ƙananan dabbobi ne kamar ɓeraye. A hankali, cikin zamani mai tsawon gaske, wasu ƙasusuwan muƙamuƙinsu suka ƙanƙance suka koma cikin kunne. Can ciki kuma wani bututu ya tsawaita ya naɗe kamar katantanwa. A cikin bututun akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, waɗanda suke miƙewa su tsuke duk lokacin da sauti ya taɓa su, su ƙara masa ƙarfi. Abin da ke motsa su wani sinadari ne da ake kira firestin, kuma akwai ƙwayar gado ta musamman da ke ƙera shi.

"Ga abin mamakin," ya ce. "Jemage mai cin ƙwari yana sakin siririyar ƙara, ya saurari dawowarta, ya san inda sauro yake. Dolfin, wata dabba mai kama da kifi a cikin teku, ma haka yake yi. Ba danginsu ɗaya ba, amma in kin buɗe wannan ƙwayar gadon tasu, sai ki ga sun yi canje-canje iri ɗaya a wurare iri ɗaya. Jemagunki na Kaduna ba wanda ya taɓa duba nasu. Ke za ki fara."

Na fito daga ofishinsa na manta da jakar da aka sace.

Aikin kansa ba shi da daɗin da bayanin yake da shi. Kullum ina tsaye daga safe zuwa yamma, ina ɗiga ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan, ina jiran inji ya yi ƙara ya ce ya gama. Sau da yawa sakamako ya lalace, in sake daga farko. Sauran ɗaliban suna hira da yarensu, in na shigo su yi shiru, ba don mugunta ba, sai don ba su san abin da za su ce da ni ba. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Ɗakina yana hawa na biyar, tagarsa na kallon bangon wani gini. Dankali da kabeji nake ci har na daina jin ɗanɗanonsu. Ran Lahadi na je coci, aka yi sujada aka tashi, ba wanda ya ce mini sannu. Na tuna Zumuntar Mata ta cocinmu, yadda in baƙuwa ta shigo sai an tashe ta tsaye an yi mata waƙa, an tambayi wace ce ita da inda ta sauka. Na zauna a benci a waje na yi kuka, wata tsohuwa ta wuce da karenta ta kauda kai.

Kowace Asabar nake kiran gida. Bitrus ba ya taɓa kawo mini ƙara.

"Maman Godiya, komai lafiya. Ki yi abin da ya kai ki."

Godiya tana da shekara goma sha biyu lokacin. Da farko takan riƙe wayar ta ba ni labarin makaranta har sai babanta ya ƙwace. A hankali labarin ya ragu. Wata Asabar ta ce, "Momi, yau na fara ganin al'ada. Maman Blessing ta gidan gaba ce ta nuna mini yadda ake yi." Ta faɗa ne kamar tana ba da labarin wata. Na ce mata sannu, na ce ta riƙa shan ruwan ɗumi. Ta ce to, ta miƙa wa babanta waya.

A wata na goma sha huɗu abin da na zo nema ya fito. A ƙwayar gadon jemagun Kakuri na ga wani canji da babu shi a na Mahuta, babu shi kuma a duk waɗanda aka taɓa rubutawa. Na sake gwajin sau uku, Madam Halina tana tsaye a kaina, kowane karo abu ɗaya. Farfesa ya zo da gudu, ya kalli kwamfuta, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Saratu, wannan babban abu ne. Turo mini komai, mu fara rubutu."

Na tura masa komai a ranar.

Bayan mako biyu zazzaɓi ya kama ni. Na ɗauka na gajiya ne, na sha fanadol na ci gaba da zuwa aiki. Bayana yana ciwo, fitsari yana ƙuna, amma ina tsoron in kwanta a ce baƙar nan raguwa ce. Ranar Laraba da hantsi na faɗi a gaban firiza. A asibiti na farka. Likita ta ce cutar ta fara daga ƙoda ta shiga jini, kuma magungunan da aka fara ba ni ba su yi aiki ba. Saura guda ɗaya mai ƙarfi, ta jijiya. Ta ce yana iya taɓa kunne. Na ce na sani. Na san sunan maganin, domin da irinsa ake kashe ƙwayoyin kunnen ɓeraye in ana gwaji. Amma zaɓin da ke gabana kunne ne ko rai, sai na sa hannu.

Mako uku na yi a kwance. Ban gaya wa Bitrus gaskiyar abin ba, na ce masa maleriya ce ta biyo ni. Madam Halina kaɗai ke zuwa, kullum da miyar kaza a fulas. Ba ma doguwar hira. Takan zauna ta yi saƙarta, in lokaci ya cika ta gyara mini bargo ta tafi.

A mako na biyu na fara jin wani zuuu a kunnuwana, ba ya tsayawa. Wata safiya nas ta shigo da sauri tana faɗa, tana nuna injin da ke gefen gadona. Ashe ya daɗe yana ƙara don ruwan da ake ƙara mini ya ƙare, matar da ke gadon kusa da ni ce ta kira ta. Ni ban ji komai ba. Na kalli fitilar injin tana walƙiya, na gane abin da ya same ni tun kafin a auna.

Aka sa ni a wani ɗakin awon ji mai kaurin bango, aka ɗora mini abin sauraro, aka ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Sautuka masu kauri na ji su. Da aka fara hawa sama zuwa sirara, sai na ga likitar tana kallona ta gilashi, ni kuma yatsana yana kan maɓalli ina jira. Daga baya ta fara yi mini bayani a hankali, tana zana katantanwa a takarda. Na ce ta bari.

"Ƙwayoyin bakin bututun ne suka mutu," na ce. "Na sani. Kuma ba sa dawowa."

Ta ajiye biro. Gaskiya ne. Kaza in ta rasa waɗannan ƙwayoyin, wasu suke tsirowa, ta koma ji. Mu masu shayarwa, da muka fi kowa jin siririn sauti, namu in sun tafi sun tafi ke nan.

Ba kurma na zama ba, kuma wannan ne ke da wuyar bayyanawa. Ina jin mota, ina jin an rufe ƙofa, ina jin mutum yana magana. Amma "s" da "sh" da "f" da "ts" sun zube daga cikin maganar, saura guntaye. Muryar maza da sauƙi. Ta mata da ta yara kuwa, in ban ga bakin mai magana ba, kamar ana yi daga cikin rijiya.

Da na koma aiki na tarar an riga an aika rubutun ga mujalla. Wani ɗalibi ne ya nuna mini a kwamfuta, yana murna, ya ɗauka na sani. Sunaye biyar ne a sama, Farfesa a ƙarshe kamar yadda aka saba. Nawa babu. Sai can ƙasa, wurin godiya, aka ce ana gode wa wata Saratu da ta taimaka wajen tattara samfuri a Najeriya.

Na shiga ofishinsa ban ƙwanƙwasa ba.

"Farfesa, ina sunana?"

Ya ce in zauna. Ya ce na yi rashin lafiya a lokacin da bai dace ba, akwai wasu masu bincike a wata ƙasa da ke gab da riga mu, dole aka sa wani ɗalibi ya sake gwajin ya ƙarasa. Ya ce ai ga sunana a ƙasa. Yana magana yana kallon taga, rabin abin da ya faɗa bai iso ni ba.

"Ka juyo ka dube ni," na ce. "Ba na ji in ba ka dube ni ba."

Ya juyo, amma bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce zan samu wani abin in rubuta. Na ce da me? Abin da ke cikin kwalaben ya ƙare a gwaji, kuma wannan sakamakon shi ne digirin gaba ɗaya.

Madam Halina ce ta ce in kai ƙara. Ta ɗauko littafin da take rubuta wanda ya yi amfani da kowane inji, da ranar, da sa hannu. Shafi bayan shafi sunana ne. Na ce mata saura shekara biyu ta yi ritaya, kada ta sa kanta a ciki. Ta ce ta wuce shekarun jin tsoro.

Kwamiti ya zauna a wani babban zaure mai amsa kuwwa. Mutum biyar a dogon tebur, nesa da ni, shugabar mace mai siririyar murya. Ta yi tambaya, na ce ta maimaita. Ta maimaita, na amsa abin da na zaci ta ce, sai na ga sun kalli juna. Na gaya musu kunnena ya samu matsala, suka ce ayya, suka ɗaga murya na minti biyu, suka koma yadda suke. Farfesa ya yi magana mai tsawo da yarensu. Bayan wata ɗaya takarda ta zo: sun ce rashin fahimta ne tsakanin malami da ɗaliba, ba su ga laifin da ya kai a hukunta kowa ba. Ba a sabunta mini izinin zama ba. Madam Halina kuma aka mayar da ita sito, wurin wanke kwalabe.

Ita ta raka ni tasha. Na cire rigar mijinta zan mayar mata, ta karɓa ta rungume. Ta matso daf da fuskata yadda zan ga bakinta, ta ce, "Ni na gani. Ke kika samo shi." Jirgi ya zo na shiga.

Bitrus ya tare ni a tasha a Kaduna, muka shiga keke zuwa Television. Na rame har sai da ya tsaya yana kallona. A hanya na gaya masa babu digiri. Ya ce, "Kin dawo da rai, ya isa." Maganar kunne na kasa faɗa. Na riga na yi masa ƙaryar maleriya, kuma kunya ta hana ni in ce na tafi nazarin ji na dawo ba na ji. Muryarsa mai kauri ce, ina kama yawancinta, don haka bai lura ba.

Godiya ta yi tsawo har ta kamo ni. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta karɓi jakata ta kai ɗaki. 'Yan Zumunta suka zo suka cika falo, kowa na magana lokaci ɗaya, ni ina murmushi ina gyaɗa kai. Daga baya na samu labarin an ce Saratu ta je Turai ta koyo girman kai, ana yi mata magana tana share mutane.

Kwana tara da dawowata, ran Asabar da rana, ina tsakar gida ina wanke-wanke, na ba ƙofa baya. Sai na ji an fizgi kafaɗata. Godiya ce, idonta ya yi ja, hawaye har haɓa.

"Sau huɗu ina kiran ki! Tun da kika dawo haka kike mini. In ba kya son magana da ni, Momi, ki koma inda kika fito. Dama mun saba."

Wannan na ji shi duka, don tana gabana. Na ɗauraye hannuna na goge da zane. Na jawo kujera 'yar tsugunno na ce ta zauna. Ta ƙi. Na ce to ta tsaya. Na ba ta labarin asibitin tun daga faɗuwata, da maganin, da ɗakin awo. Na ce mata muryarta ce ta fi kowace wuyar ji a gare ni, don siririya ce, kuma ba za ta dawo mini ba har abada. Bitrus ya fito daga ɗaki da sifana a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa yana ji. Sai ya zauna a ƙasa a wurin.

Godiya ta dube ni. "Duk abin da nake gaya miki a kicin, ba ki ji ba?"

"Ban ji ba."

"Har na ran Talata?"

"Me kika ce ran Talata?"

Ta share fuska da bayan hannu. Ta ja kujerar da ta ƙi ɗazu, ta kawo ta gabana har gwiwarmu ta haɗu, ta zauna. Ta ɗaga fuskarta sosai yadda zan ga bakinta.

"Haka ya yi?" ta ce.

"Ya yi."

"To, ki saurara. Da yawa ne. Zan fara tun daga watan da kika tafi."